Shin yaye da wuri alamar rashin ƙauna ce?

An daɗe ana cewa uwar da ta yaye ɗanta da wuri ba ta ƙaunarsa, kuma ƙarshenta wulaƙanta shi za ta yi.

Wani bincike a Birisben ta Ostareliya, wanda aka wallafa a 2009, ya bi yara sama da 7,000 tsawon shekara 15. Yaran da ba a shayar da su ba sun fi waɗanda suka sha nono wata 4 ko fiye fuskantar sakaci daga uwa. Shayarwa tana sakin sinadarin oksitosin mai ƙara shaƙuwa, wannan gaskiya ne.

Sai dai zuwan abu biyu tare ba ya nufin ɗaya ne ya haifi ɗaya. Talauci, ciwon damuwa bayan haihuwa da rashin mataimaki kan jawo su duka biyun, wato yaye da wuri da kuma sakaci. Kuma a binciken, yaran da uwa ta cutar ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Cikin iyaye mata masu yaye da wuri, wata nonon ne ya ƙafe, wata jinya ce ta kwantar da ita.

In kun ji irin wannan magana, ku tambaya: mutum nawa aka bincika, kuma me aka kwatanta? Ma'aikaciyar awo ma za ta warware muku.

Don Allah ku tura wa 'yan uwa.