Crewe Alexandra: ƙungiyar da ke rainon 'yan ƙwallo a Ingila

Crewe Alexandra ƙungiyar ƙwallon ƙafa ce da ke garin Crewe, a yankin Cheshire na arewa maso yammacin Ingila. An kafa ta a 1877. Mafi yawan rayuwarta a rukuni na uku da na huɗu ta yi shi, kuma ba ta taɓa leƙa babban rukunin ƙasar ba. Abin da ya fito da sunanta shi ne rainon yara: ta ɗauko yaro tun yana ɗan firamare, ta koya masa ƙwallo, ta sa shi a babbar tawaga, idan tauraronsa ya haska ta sayar da shi ga manyan ƙungiyoyi, kuɗin ya riƙe ta zuwa wani lokaci.

Asali

Crewe gari ne da jirgin ƙasa ya raya, domin babbar mahaɗar layin dogo ce, shi ya sa ake yi wa ƙungiyar laƙabi da Railwaymen, wato ma'aikatan reluwe. Filinta na Gresty Road, inda take wasa tun 1906, yana dab da tashar jirgin, kuma yana cin mutum kimanin 10,000.

A 1888 ta kai wasan kusa da na ƙarshe a kofin FA, Preston North End ta fitar da ita. Bayan nan sai doguwar wahala. Sau da dama takan ƙare a ƙasan teburin rukuni na huɗu, har sai ta roƙi sauran ƙungiyoyi su kaɗa mata ƙuri'ar ci gaba da zama a gasar. A 1960 ta riƙe Tottenham 2-2 a gida a kofin FA, murna ta cika gari. Da aka sake karawa a Landan, Tottenham ta lallasa ta 13-2.

Zamanin Dario Gradi

Al'amura sun sauya a 1983, lokacin da aka ba Dario Gradi, haifaffen Milan da ya tashi a Ingila, aikin koci. Ya riƙe kujerar har 2007, ya sake dawowa daga 2009 zuwa 2011. Ƙungiyar ba ta da kuɗin shiga kasuwa, don haka ya bi hanya biyu. Ta farko, tsintar samarin da manya suka yar. David Platt, wanda Manchester United ta sallama, ya zo a 1985, aka sayar da shi ga Aston Villa a 1988 kan fam 200,000. Shekara biyu bayan haka yana ci wa Ingila ƙwallo a gasar cin kofin duniya. Haka Neil Lennon da Robbie Savage suka farfaɗo a Crewe kafin su wuce Leicester.

Hanya ta biyu ita ce ta fi daɗewa: makarantar yara, wadda yanzu take Reaseheath kusa da Nantwich. Gradi da kansa yakan horar da ƙananan yara da yamma, abin da ba kasafai kocin babbar tawaga ke yi ba. Koyarwar kuwa ita ce a sauke ƙwallo ƙasa, a tare ta da kyau, a miƙa wa na kusa, a zamanin da ƙananan rukunonin Ingila suka fi yarda da doka ta sama a bi da gudu. Daga nan Rob Jones ya tafi Liverpool a 1991, Danny Murphy ya bi shi a 1997, Seth Johnson ya koma Derby a 1999, Dean Ashton kuma Norwich a 2005. Dele Adebola, haifaffen Legas, shi ma ɗan wannan gida ne.

A 1997 Crewe ta doke Brentford 1-0 a Wembley ta hau rukuni na biyu. In ban da kaka ɗaya, a can ta zauna har 2006, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga ƙungiyar da duk shekara sai an zare mata gwanayenta. A wannan tsakani ne Efe Sodje, mai tsaron bayan nan da ke ɗaura ƙyalle a ka, ya buga wa Najeriya gasar cin kofin duniya ta 2002 yana ɗan wasan Crewe.

Ranar da 'yan gida suka cika fili

A 2012 Nick Powell, yana da shekara 18, ya ɗirka wata ƙwallo daga nesa a Wembley, Crewe ta ci Cheltenham 2-0 ta hau rukuni na uku. Makonni kaɗan Manchester United ta saye shi. A ranar 27 ga Afrilu 2013, koci Steve Davis ya fito da mutum 11 da dukkansu daga makarantar ƙungiyar suka tashi, suka kuma ci Walsall 2-0. An maimaita hakan a 2018 a hannun David Artell.

Tabon da ya biyo baya

A Nuwamba 2016 tsohon ɗan wasan ƙungiyar Andy Woodward ya fito fili ya ce Barry Bennell, wanda ya horar da yaran Crewe a shekarun 1980 zuwa farkon 1990, ya yi lalata da shi yana yaro. Wasu da dama suka biyo shi. A 2018 kotu ta ɗaure Bennell shekara 30 kan laifuffukan da ya aikata a kan yara, ya kuma mutu a kurkuku a 2023. Rahoton binciken da lauya Clive Sheldon ya jagoranta bisa umarnin hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila, da ya fito a Maris 2021, ya ce ƙungiyar da Gradi ba su yi abin da ya kamata ba wajen bin diddigin alamun da suka bayyana. Shugaban ƙungiyar John Bowler ya ajiye muƙaminsa, daga baya kuma aka karɓe lambar girmamawa ta MBE da aka ba Gradi. Ba a iya ba da tarihin makarantar Crewe a tsallake wannan babi.

A fili kuwa, ƙungiyar ta hau rukuni na uku a 2020, ta faɗo a 2022, sannan a 2024 Crawley Town ta doke ta 2-0 a Wembley a wasan neman sake hawa.