Waiwaye: Yadda aka daɗe ana ɗaukar HPV a matsayin cutar mata zalla

A shekarar 1842 wani likita a birnin Verona na Italiya, Domenico Rigoni-Stern, ya bi kundin mamata, ya lura cewa sankarar mahaifa ta fi kashe matan aure da zawarawa, ba kasafai take taɓa matan coci da ba sa aure ba. Tun daga nan aka fara zargin akwai hannun namiji a lamarin. Sai bayan shekara 140 aka kama mai laifin: a 1983 da 1984 Harald zur Hausen na Jamus da abokan aikinsa suka gano HPV, wata ƙwayar cuta da ake ɗauka ta hanyar saduwa, nau'i na 16 da na 18 a jikin sankarar bakin mahaifa. Aikin ya ba shi kyautar Nobel a 2008.

Daga nan hankali ya koma kan mata kacokan. Su ake yi wa gwaji, kuma da allurar rigakafi ta fito a Amurka a 2006, 'yan mata aka fara yi wa. Namiji kuwa ba a cika waiwayarsa ba.

Da aka duba, abin ya ba da mamaki. Wani bincike da aka fara a 2005 kan maza a Amurka da Meziko da Birazil ya tarar kusan rabinsu na ɗauke da ƙwayar a al'aura. A 2023 mujallar Lancet Global Health ta tattara binciken ƙasashe da dama: kusan namiji 1 cikin 3 daga shekara 15 zuwa sama yana da ita, 1 cikin 5 kuma yana da nau'in da ke jawo sankara. Ta fi yawa tsakanin shekara 25 da 29, kuma ba ta raguwa sosai da manyanta. Akasari jiki kan kawar da ita cikin shekara 1 zuwa 2 ba tare da wata alama ba. Idan ta zauna, tana iya haifar da tsiro a al'aura, ko sankarar mazakuta, dubura ko maƙogwaro.

Yawan abokan kwanciya shi ne kan gaba wajen ƙara haɗari, sai shan taba da cutar ƙanjamau. Gwaje-gwaje a Yuganda da Afirka ta Kudu sun nuna kaciya na rage kamuwa da miyagun nau'o'in da kusan kashi ɗaya cikin uku. Wannan alheri ne ga ƙasar Hausa, amma ragi ne kawai. Abin da ya fi damuna shi ne auri-saki: magidanci lafiyayye a ido na iya kai ƙwayar daga ɗaki zuwa ɗaki, shi bai sani ba, matan ba su sani ba.

Ostireliya ta fara yi wa yara maza rigakafi a 2013, Birtaniya a 2019. Najeriya ta ƙaddamar da nata a Oktoban 2023, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14.