Renon Tsirrai Masu Cin Ƙwari a Gida

Tsirrai masu cin ƙwari shuke-shuke ne da ke yaudarar ƙananan halittu zuwa ganyensu, su kama su, su narkar da su, sannan su tsotse amfanin da ke jikinsu. An san sama da iri 600 a duniya, kuma in ka cire Antatika babu nahiyar da ba sa fitowa. Kamar kowane koren tsiro, da hasken rana suke haɗa abincinsu. Ƙwaron da suka kama taki ne kawai a wurinsu, domin mazauninsu na asali fadama ce mai tsami ko dausayin da ruwa ya wanke, inda sinadaran taki irin su naitirojin da fosfaras suka yi ƙaranci. Daga nan dokar renonsu ta fito: ƙasa mara taki, ruwa mara gishiri, haske mai yawa. A gari irin Kaduna ana iya renonsu, amma sai mutum ya ajiye rabin abin da ya sani game da lambu.

Masanin nan na Ingila, Charles Darwin, shi ya tabbatar da cewa cin ƙwarin gaskiya ne, a littafinsa Insectivorous Plants na 1875, inda ya fi yin gwaji a kan Drosera, mai kama ƙwari da danƙo. A wancan ƙarnin masu hannu da shuni na Ingila sun riƙa tara Nepenthes, mai tarko kamar tulu, a gidajen gilashi. Yau ana hayayyafa yawancinsu a ɗakin gwaji cikin kwalabe, shi ya sa suka yi sauƙin samu.

Yadda suke farauta

Wadda ta fi suna ita ce Dionaea muscipula, mai ganye kamar baki a buɗe da haƙora a gefe. A daji, ba ta fitowa ko'ina sai a wani ɗan yanki na gaɓar teku a jihohin Karolina ta Arewa da ta Kudu a Amurka, kewayen garin Wilmington. A cikin kowane ɓangare na bakin akwai 'yan gasu, yawanci uku. Taɓawa ɗaya ba ta komai. In aka sake taɓawa cikin kimanin daƙiƙa 20, bakin ya rufe kafin ƙiftawar ido. Motsin ƙwaron a ciki shi ke sa ta matse sosai ta saki ruwan narkarwa, kuma sai bayan kwana biyar zuwa goma sha biyu take buɗewa, ba abin da ya rage sai busasshen ɓawo.

Drosera kuwa da danƙo take aiki. Ganyenta cike yake da gasu ja, kowanne da ɗigo a kansa mai ƙyalli kamar raɓar asuba, kuma rana ba ta busar da shi. Ƙaramin ƙuda na sauka ƙafa ɗaya ta manne. Ya yi yunƙuri, fiffike ya manne. Sai ka ga gasun da ke kusa suna sunkuyowa a hankali, a wasu irin ma ganyen gaba ɗaya ya naɗe shi kamar tabarma. Wanda ya zauna ya kalli wannan da safe sau ɗaya ya gane dalilin da mutane ke ƙwallafa rai a kan abin.

Akwai masu tulu. Nepenthes mai yaɗo ce, kuma a ƙarshen ganyenta wani tulu ke ratayawa, da murfi a sama wanda ba ya rufewa, aikinsa tare ruwan sama ne da jawo ƙwari da zaƙi. Bakin tulun santsi gare shi, tururuwa ta zo lasa sai ta zame cikin ruwan da ke ƙasa. Mafi yawansu a Kudu maso Gabashin Asiya suke, musamman Boniyo da Sumatara da Filifin, da iri biyu a Madagaska. Nepenthes rajah ta dutsen Kinabalu tana yin tulun da ke cin ruwa sama da lita uku, har ɓera an taɓa samu a ciki. Sarracenia ta Amurka ta Arewa ita ma mai tulu ce, sai dai nata a tsaye yake kamar kakaki.

'Yan gida

Ba duka ne baƙi ba. Utricularia, wadda ke da iri sama da 200, tana nan a tafkuna da fadamun Najeriya. Ba ta da saiwa; wasu ƙananan jakunkuna gare ta a cikin ruwa da ke zuƙe ƙwarin ruwa, har da 'ya'yan sauro, cikin saurin da ido ba ya gani. Abin da mai wucewa ke gani shi ne ɗan fure rawaya a saman ruwa. Drosera indica da Drosera madagascariensis su ma suna fitowa a Najeriya. A Afirka ta Yamma, wuraren da ruwa ke tsatsowa a jikin falalen dutse da damina, irin duwatsun da suka cika ƙasar Kaduna daga Kufena zuwa Kajuru, su ne irin mazaunin da waɗannan ƙananan tsirrai ke so. A dazukan Saliyo da Laberiya da Kwaddibuwa kuma akwai Triphyophyllum peltatum, mai cin ƙwari a wani lokaci na ƙuruciyarta kawai.

Ruwa

Nan ne yawancin masu farawa ke asara. Saiwar waɗannan tsirrai ba ta jure gishirin da ke narke a ruwa, wanda ɗan Adam ba ya ko jin ɗanɗanonsa. Ruwan famfo, na rijiya, na burtsatse, har da na leda da ake sha, duk suna iya ɗauke da shi. Ba ya kashe tsiro rana ɗaya. Taruwa yake a tukunya, farin ɓurɓushi ya fito a saman ƙasa, sabon ganye ya riƙa fitowa ƙarami, bakinsa ya yi baƙi. Tafasa ruwan ba ya magani, ƙara gishirin ma yake yi tunda tururi ne ke tafiya. Masu reno suna auna ruwa da 'yar na'urar TDS mai kama da biro, wadda ke nuna yawan gishirin da ke narke a ciki, kuma abin da ake so ta nuna shi ne ƙasa da 50.

A nan Kaduna ta yi sa'a. Ruwan sama yana zuba daga wajen Afrilu zuwa Oktoba, sama da milimita 1,000 a shekara, kuma shi ne ruwan da ya fi dacewa. Wahalar ita ce tanadin wata biyar ko shida na rani. A bar ruwan farko ya wanke ƙurar rufi, a tara na Agusta da Satumba a jarkoki masu murfi, a ajiye a inuwa. Baho a tsakar gida ya fi indararon tsohon kwano tsabta. In tanadi ya ƙare, tataccen ruwan da ake zuba wa batirin mota yana yi, muddin an tabbatar ruwa ne zalla ba mai asid ba.

Dionaea da Drosera da Sarracenia ana zaunar da tukunyarsu ne a faranti mai ruwa kamar santimita biyu. Nepenthes ba ta son zama cikin ruwa, a jiƙa ta daga sama ya tsiyaye. Wani abin da bai kamata a yi wasa da shi ba: ruwan farantin matattarar sauro ne. A riƙa zubar da shi ana wanke farantin duk bayan kwana uku ko huɗu. Kuma kada a ɗauka tsirran za su rage sauro a gida, aikin gidan sauro yana nan.

Ƙasa da tukunya

Mai furanni na bakin titi zai ce, “Hajiya, a sa mata baƙar ƙasa da ɗan taki.” Ga fulawa gaskiyarsa ne, ga waɗannan ajali ne. Kashin shanu, na kaji, NPK, yuriya, toka, duk suna ƙone saiwar. Haɗin da aka saba shi ne ruɓaɓɓiyar gansakukar fadama da ake kira fit, da falayit (farin tsakuwa mara nauyi) ko wankakken yashi, rabi da rabi. Fit daga waje ake kawo shi. Abin da ya fi sauƙin samu shi ne garin ɓawon kwakwa, wanda Nepenthes ke karɓa da kyau, sai dai yana zuwa da gishiri; a jiƙa shi da ruwan sama ana sauyawa har na'ura ta nuna ya sauka. Tukunyar roba ta fi ta yumɓu ko ta siminti, kuma fara ta fi baƙa, domin baƙar roba a ranar Maris dafa saiwa take yi.

Shekarar Kaduna

Damina lokacin walwalarsu ce, laima ta wadata, ƙwari sun yi yawa. Gwajin yana zuwa ne da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Iskar da ke tsaga leɓe ita ke busar da raɓar Drosera, ƙura ta lulluɓe ganyen, Nepenthes ta daina yin tulu, ƙananan da suka fara fitowa su bushe tun suna kamar ƙwayar shinkafa. Maganin shi ne a tattara tukwanen wuri ɗaya bayan katangar da ke tare iskar arewa maso gabas, a kewaye su da farar leda a bar sama a buɗe, ko a sa su cikin akwatin gilashi irin na kifi da ruwa a ƙasa. Kada rana ta bugi rufaffen akwati. A bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 35, ranar safe ta ishe su, daga hantsi a sa musu ragar inuwa.

Akwai kuma batun barci. Dionaea da Sarracenia 'yan ƙasar sanyi ne, suna buƙatar hutun wata uku zuwa huɗu a yanayin da ya sauka ƙasa da digiri 10. Sanyin Kaduna, duk da yana sa a nemi bargo, ba ya daɗewa a wannan matakin, kuma rana na fitowa ya gudu. Wasu suna tsige tsiron, su naɗe shi da danshi cikin leda, su sa a firij, ba ɓangaren ƙanƙara ba, dabarar da ke neman wutar lantarki mai ɗorewa. Saboda haka Dionaea, duk da farin jininta, ba ita ta dace da mai farawa a nan ba. Nepenthes ta ƙasa mai zafi, ba ta tsaunuka ba, irin su mirabilis, ko ventrata mai juriya da aka samu daga haɗa iri biyu, da Drosera burmannii ko spatulata, sun fi kusa da yanayinmu. Nepenthes ta tsaunuka tana son dare mai sanyi duk shekara, bazara na wahalar da ita.

Ciyarwa da samun iri

Tsiron da ke waje yana ciyar da kansa. Na cikin ɗaki ƙwaro ɗaya a mako biyu ya isa, ƙuda ko shingen farkon damina, wanda bai wuce kashi ɗaya cikin uku na tarkon ba. Ba a ba su nama ko kilishi, maiƙo ruɓar da ganyen yake. A hana yara tsokanar bakin Dionaea da tsinke, kowane baki sau kaɗan yake rufewa kafin ya mutu.

Shigo da tsiro ko iri daga waje yana buƙatar izinin hukumar killace kayan gona ta ƙasa, NAQS. Dionaea da Nepenthes da Sarracenia suna ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa da ke taƙaita cinikin dabbobi da tsirran daji, kuma tun 2014 tsige Dionaea daga daji babban laifi ne a Karolina ta Arewa. Irin da ake tallatawa a intanet da hoton shuɗi ko kore mai walƙiya yawanci na bogi ne; ainihin ƙwayar Dionaea baƙa ce, mai sheƙi, ba ta kai riɗi girma ba, kuma tana ɗaukar shekara uku zuwa biyar kafin ta girma. Drosera ta fi saurin biya: a barbaɗa irin a saman jiƙaƙƙiyar ƙasa ba tare da rufewa ba, cikin 'yan makonni jajayen ɗigo su fara bayyana. Nepenthes kuma reshe ake yanka mai gaɓa biyu ko uku, a dasa a garin kwakwa a farkon damina, a rufe da leda a inuwa har sabon toho ya fito.