Kariyar ma'aikata a wurin na'urorin sarrafa zafi da sanyi

Na'urar sarrafa zafi ita ce wadda ke auna zafin wani abu a masana'anta, ta kwatanta shi da adadin da aka saita mata, sannan ta ƙara wuta ko ta rage. Ana samunta a tanderu, da tukunyar tururi wadda ma'aikata ke kira boila, da ɗakin sanyi. A Sakkwato duka ukun suna nan: kamfanin siminti na Kalambaina a ƙaramar hukumar Wamakko, wanda aka kafa a 1962 ya fara aiki a 1967, da masana'antun da ke turara shinkafa kafin a cashe ta, da ɗakunan ajiye kifi da injinan yin ƙanƙara da ke cikin gari.

Yadda take aiki

Kowace irin wannan na'ura tana da ma'auni da ke cikin zafin, da akwatin da ke karanta shi, da makunni ko bawul ɗin da ke buɗe wuta ko rufe ta. Ma'aunin da aka fi sawa a tanderu waya biyu ne na ƙarfe iri daban da aka haɗa bakinsu. Idan bakin ya yi zafi sai ya ba da ɗan ƙarfin lantarki, abin da Bajamushe Thomas Seebeck ya gano a 1821. Ban da waɗannan akwai makunni na daban, mai nasa ma'aunin, wanda aikinsa ɗaya ne: ya kashe komai idan zafi ya wuce iyaka.

Inda haɗari yake

Lambar da ke kan allo labarin ma'auni ce kawai. Idan ma'aunin ya zame daga mazauninsa, ko datti ya lulluɓe shi, allo zai nuna zafi kaɗan, na'ura kuma ta ci gaba da zuba wuta. Shi ya sa ake horar da mai kula da inji ya riƙa gwada lambar da wata shaida, kamar ma'aunin matsi ko ma'aunin hannu. Mafi muni shi ne al'adar tsallake makunnin kariya da guntun waya saboda yana yawan tsayar da aiki. Makunnin da ke yawan kashe inji yana faɗin wani abu ne, kuma wanda ya jona masa waya ya toshe bakin mai gadi ya bar ɓarawo a gida.

Ɗaukewar wutar lantarki na da nata tarkon. Allo ya mutu, inji ya yi shiru, sai mutum ya ɗauka komai ya huce, alhali zafi da matsi suna nan daram. Ruwan da ke cikin boila mai matsin da ya kai kusan ninki 10 na matsin iskar waje yana kai kusan digiri 180 bai tafasa ba. Da an buɗe masa hanya, wani sashensa ya koma tururi nan take, kuma tururi kan ci wuri fiye da ninki 1,600 na ruwan da ya fito daga ciki. Haka kuma wuta na iya dawowa, ko a tada janareto, hannun mai gyara na cikin inji. Maganin wannan shi ne kulle makunni da kwaɗo, mai gyara ya riƙe makullin a aljihunsa, ya rataya takarda mai sunansa, a sauke matsi, sannan a danna makunni a tabbatar inji bai tashi ba. Amurka ta mayar da wannan tsari doka a 1989.

Boilar da ruwanta ya yi ƙasa har ƙarfe ya yi ja ba a ɗura mata ruwan sanyi. Kashe wuta ake yi a ja da baya.

A tanderun siminti kayan haɗi na kai digiri 1,450. Garin haɗin da ke saukowa daga hasumiyar ɗumamawa, inda ake fara gasa shi kafin ya shiga tanderu, ya haura digiri 800, kuma idan ya toshe aka zo zungure shi, yana kwararowa kamar ruwa. Mai wannan aiki ba ya tsayawa a saitin ƙofa, kuma ba ya zuwa shi kaɗai.

Ɓangaren sanyi

Manyan injinan sanyi da yawa suna aiki da amoniya, wadda ke tafasa a digiri 33 ƙasa da sifiri. Tana ƙona ido da huhu, amma warinta kan tona ta tun tana kaɗan. Gas ɗin da ake kira firiyon, wanda wasu injinan sanyi ke aiki da shi, ba shi da wari sosai, ya fi iska nauyi, yana taruwa a ƙasa ya kore iskar shaƙa. Wajibi ne ƙofar ɗakin sanyi ta buɗu daga ciki, ko da an kulle ta ta waje.

Zafin gari da kayan kariya

Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato kan wuce digiri 40, abin da ke sa ma'aikaci ya cire safar hannu da gilashin fuska don ya sha iska. Kayan kariyar da ba a iya sawa a bazara kusan daidai suke da babu, don haka ake gajarta lokacin tsayuwa a gaban wuta, a yawaita musayar ma'aikata, a ajiye ruwan sha kusa. A watan azumi akan mayar da aikin gaban tanderu zuwa dare ko bayan asuba inda hali ya yi. Rigar nailan ba ta dace ba, domin narkewa take ta manne a fata.

Wanda ya ƙone, a sa wurin ƙarƙashin ruwa mai sanyi mai gudana na minti 20, a cire zobe da agogo kafin kumburi, sai asibiti. Ba a sa ƙanƙara, ko man goge baki, ko ɗanyen ƙwai.

Doka

Dokar Masana'antu ta Najeriya ta 1987 ta tilasta sa wa kowace boila bawul ɗin sakin matsi, da ma'aunin matsi, da ma'aunin ruwa, tare da duba ta lokaci-lokaci. Jami'an Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ne ke sa ido a kai. Diyyar ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki kuma tana ƙarƙashin Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar asusun inshorar ma'aikata, wato NSITF, ke gudanarwa.