Zanen ɗigo-ɗigo: ma'anarsa da abin da ake gyarawa a cikinsa

Zanen ɗigo-ɗigo hanya ce ta nuna alƙaluma, inda kowane ɗigo yake tsaye a madadin abu guda da aka auna. A ce ɗalibai 40 sun rubuta jarrabawa. Sai a ja layi a kwance, a jera maki daga ƙarami zuwa babba, kowane ɗalibi a ɗiga masa ɗigo daidai makinsa. In biyar sun ci 62, ɗigo biyar za su hau kan juna su yi tsiri. Kallo ɗaya ya isa ka ga inda aka yi cincirindo, da wanda ya ware can gefe shi kaɗai.

Sai dai zane biyu ne suke amsa wannan suna. Wanda aka bayyana ana jingina shi ga Leland Wilkinson, wanda ya tsara ƙa'idar jera ɗigon a 1999. Ɗayan na William Cleveland ne, tun 1984: kowane rukuni da layinsa, ɗigo guda a kai mai nuna adadin rukunin, maimakon sandar da ake zanawa a zanen sanduna. A R, manhajar nazarin alƙaluma, umarnin dotchart irin na Cleveland yake zanawa, geom_dotplot ta ggplot2 (wani ƙunshin zane na R) kuwa irin na Wilkinson.

Sabon hannu yakan ɓata lokaci wajen launi da siffar ɗigo. Wannan ado ne. Abin da yake sauya labarin a zanen Wilkinson shi ne binwidth, wato faɗin tazarar da alƙaluma za su faɗa ciki a ɗauke su tsiri ɗaya. In ba ka faɗa ba, ggplot2 takan ɗauki kashi ɗaya cikin 30 na nisan da ke tsakanin mafi ƙanƙanta da mafi girma, kuma girman ɗigon ma shi yake bi. Ka faɗaɗa da yawa, mai 61 da mai 64 su zama ɗaya, tudu biyu su narke su koma guda, alhali wataƙila ajin ya rabu gida biyu ne. Ka matse da yawa, ɗigon su baje babu siffa. Ni dai nakan gwada faɗi uku kafin in tsaya. Ga maki marasa ɓari, wato cikakkun lambobi, faɗin 1 ya fi gaskiya.

Wani tarko kuma: lambobin da geom_dotplot take rubutawa a layin tsaye, daga 0 zuwa 1, ba ƙidaya ba ne. A ɓoye su, mai karatu ya ƙirga ɗigon da idonsa. In kuwa alƙaluman sun kai dubbai, ƙirgar ba za ta yiwu ba, gara a koma histogiram, wato zanen da tsayin sanda yake nuna yawan alƙaluman da ke kowace tazara.