Lasisin tuƙi ga ɗan mishan a ƙasar waje: yaushe na gida yake daina aiki?

Wanda coci ko wata ƙungiyar addini ta tura aiki ƙasar waje yakan shirya biza, masauki da makarantar yara, amma da wuya ya tuna da lasisin tuƙi sai ranar da aka miƙa masa makullin motar mishan. Alhali rabin wannan aiki a kan hanya ake yin sa: duba marasa lafiya, kai littattafai ƙauyuka, ɗauko baƙi daga filin jirgi. Dokar hanya kuwa ba ruwanta da abin da ya kawo mutum. Abin da take tambaya ɗaya ne: kai baƙo ne mai wucewa, ko mazauni?

A nan masu aikin mishan da yawa suke tuntuɓe. Mai yawon buɗe ido yana tuƙi da lasisin ƙasarsa na ɗan lokaci ya koma. Shi kuwa ɗan mishan takardar izinin zama yake riƙe da ita, ta shekara biyu ko uku ko fiye, don haka hukuma mazauni take kallonsa. A ƙasashen Tarayyar Turai, wanda yake zaune a ƙasa kwana 185 ko fiye a shekara saboda aiki ko iyali ya zama mazauninta a idon dokar lasisi. Daga ranar da zama ya tabbata, wa'adi ya fara tafiya. A Jamus wata 6 ne ga mai lasisin da ba na Tarayyar Turai ba. A Birtaniya wata 12 ne, a Faransa ma shekara guda. A Amurka kowace jiha ke ba da lasisinta, kuma kowace da nata wa'adin ga sabon mazauni. Ranar da wa'adin ya cika, katin da ke aljihunka ba ya ƙara ba ka izinin tuƙi a can, ko da saura shekara biyar ya ƙare a gida.

Mutane da dama sun dogara da abin da ake kira lasisin ƙasa da ƙasa, suna ganin ya raba gardama. Bai raba ba. Wannan ɗan littafi fassara ce ta lasisinka zuwa harsuna da yawa, kuma ba ya aiki shi kaɗai, sai an haɗa shi da na asali. Yarjejeniyoyi biyu ne suka fi tsara shi: ta birnin Janiba (Geneva) ta 1949, wadda littafinta yake aiki shekara ɗaya, da ta birnin Biyana (Vienna) ta 1968, wadda nata yake kaiwa shekara uku matuƙar lasisin asali bai riga ya ƙare ba. Kowace ƙasa da wadda ta sa wa hannu. Japan na Janiba take karɓa, kuma shekara ɗaya kacal daga ranar shiga ƙasar. Ƙasar Sin ba ta aiki da ko ɗaya, sai mutum ya nemi nata lasisin. Yarjejeniyar Biyana ma da kanta ba ta tilasta wa wata ƙasa ta ci gaba da amincewa da lasisin waje ba bayan mai shi ya koma mazauninta. Ana karɓar littafin ne a ƙasar da ta ba ka lasisi, don haka a nema kafin a tashi. Waɗanda suke sayar da shi a intanet da sunan Majalisar Ɗinkin Duniya damfara suke yi. Majalisar ba ta ba kowa lasisi.

To idan wa'adi ya ƙarato, me za a yi? Idan ƙasarka tana cikin jerin waɗanda aka amince da jarabawarsu, musanya kawai za ka yi: ka miƙa naka, a ba ka nasu. Birtaniya tana yin haka da ƙasashe irin su Afirka ta Kudu, Kanada, Japan da Ostareliya. Idan ba ta cikin jerin, babu makawa sai jarabawar ƙa'idojin hanya da ta tuƙi, ko da ka shekara ashirin kana jan mota. Wannan yana yi wa manya nauyi, kuma na fahimce su. Amma a ganina wanda zai ɗauki rayukan mutane a ƙasar da wataƙila ma ake tuƙi ta hannun hagu, kamar Kenya, Indiya ko Japan, bai yi asara ba idan ya sake zama ɗalibi na 'yan makonni. A yi rajista tun wa'adi da saura, domin layin jarabawa yakan ɗauki watanni.

Akwai dabarar da wasu suke yi: su jira hutu, su koma gida su yi sabon lasisi, su dawo da shi. Ba ta cika ɓullewa ba. Jamus da Faransa ba sa amincewa da lasisin da mutum ya samo a waje bayan ya riga ya zama mazauninsu. Japan kuma, kafin ta musanya, sai ka nuna cewa ka zauna aƙalla wata 3 a ƙasar da ta ba ka lasisin bayan ka same shi, kuma hatiman fasfo ake bi ɗaya bayan ɗaya ana lissafi. Saboda haka kada a yar da tsohon fasfo, kada kuma a bar lasisin gida ya mutu.

Abin da ya fi damuna shi ne motar ƙungiya. Lasisin ƙaramar mota, rukunin B a tsarin Turai, ya tsaya ne kan kujerun fasinja 8 ban da direba, da nauyin da bai wuce kilo 3,500 ba. Bas mai kujera 9 zuwa 16 rukunin D1 ne, babur mai ƙarfi kuma rukunin A. Ka duba safiyar Lahadi: 'yan kwaya, wato mawaƙan coci, sun cika bas, direba bai zo ba, kowa ya juya yana kallon sabon mai hidima don an san ya iya mota. Kunya ba za ta bari ya ce a'a ba. Wasu ƙasashe suna sassauta wa masu aikin sa kai, amma da sharuɗɗa kan shekarun direba da nauyin mota, kuma sai an karanta su kafin a murza makulli. Idan hatsari ya faru lasisi bai dace da motar ba, ko wa'adinsa ya wuce, kamfanin inshora yana iya ƙin biya ko ya bi direban da kuɗin diyya. Ga shari'a, ga abin da zai iya shafar sabunta izinin zama, ga sunan ƙungiyar da aka yi shekaru ana ginawa a garin.

Shi ya sa bai kamata a bar wa sabon zuwa wannan nauyi shi kaɗai ba. Ƙungiyar da ta karɓe shi ta duba rukunin lasisinsa da ranar da izinin zamansa ya fara tun makon farko, ta rubuta ranar da wa'adin zai cika, ta tambayi ofishin lasisi na ƙasar da kamfanin inshorarta a rubuce, sannan ta sa kuɗin makarantar koyon tuƙi da na jarabawa cikin kasafin aikinsa.