Me ke faruwa a saman baƙin tabon rana?

Me ya sa tabon yake baƙi?

Tabon wani wuri ne mai duhu a fuskar rana, kuma yana da duhun ne saboda ya fi kewayensa sanyi kawai. Fuskar rana tana da zafin kusan digiri 5,500, amma cibiyar tabon ba ta wuce wajen 4,000 ba. Maganaɗisu mai ƙarfin gaske, wanda ya ninka na duniyarmu sau dubbai, shi ke danne tafasar da ke fito da zafi daga ciki. Masanin taurari George Hale ne ya gano wannan maganaɗisu a 1908, a Kalifoniya.

To samansa ma a kwance yake?

Ko kaɗan, kuma nan ne abin ya fi burge ni. A hoto tabon kamar rijiya yake, shiru. Amma in aka kalli iskar da ke samansa, sai a ga cibiyar tana walƙawa kusan duk bayan minti 3, kamar ana hura garwashi. An fara bayyana wannan walƙiya a 1969.

Ga yadda take faruwa. Cikin rana kullum a girgize yake, girgizar kuwa tana bin layukan maganaɗisu zuwa sama. Mai jan lokaci, kamar ta minti 5, galibi ba ta iya hawa a cibiyar. Mai saurin ce ke wucewa. Tana hawa iska na ƙara sirancewa, ita kuma tana ƙara kaifi har ta fashe da zafi. Wanda ya taɓa kaɗa bulala ya san wannan: hannu a hankali yake motsi, amma siririn bakin ne ke yin ƙara. Daga cibiyar kuma ana ganin zobba na bazuwa zuwa gefen tabon, kamar an jefa dutse a tafki.

Ina iskar take kwarara?

A 1909 masanin taurari John Evershed, a Kodaikanal ta Indiya, ya ga iska na gudu daga gefen tabon zuwa waje. Daga baya aka ga cewa a can sama akasin haka ne: tana dawowa ciki, tana gangarowa.

Me ya shafe mu?

Layukan maganaɗisun nan suna kaiwa har kambin rana, wato siririyar iskar da ke kewaye da ita ta can waje, inda zafi ya haura digiri miliyan 1. Idan suka murɗe suka tsinke, sai a sami fashewar da ke dagula rediyo, tauraron ɗan'adam da wutar lantarki. A Maris 1989 guguwar maganaɗisu da irin wannan fashewa ta haifar ta jefa lardin Kebek na Kanada cikin duhu na kusan awa 9.

Zan iya ganin tabon da idona?

Don Allah kar a gwada, ko da hazon hunturu ya dushe rana. Ido na ƙonewa ba tare da an ji zafi ba. Sai da gilashin kallon husufi na musamman.